Kula da Bayan Doki da Ƙafafunsa: Bayani Kan Tausa da Takalman Kariya

Doki na da matsayi babba a Najeriya, tun daga bargar sarakuna har zuwa filayen sukuwa da na ƙwallon dawaki. Ƙungiyar ƙwallon dawaki ta Legas ta samo asali tun 1904, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko kuma ya kafa wasan a masarautarsa cikin shekarun 1920. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alkintawa. Sai dai duk wannan hidima tana kan gaɓoɓi biyu ne na jikin doki, wato bayansa da ke ɗaukar sirdi da mahayi, da ƙafafunsa da ke ɗaukar nauyin gaba ɗaya. Idan ɗaya ya samu matsala, dokin da aka saya da tsada zai iya komawa zaman turke na watanni, wani lokaci ma har abada.

Yadda bayan doki yake

Bayan doki ya ƙunshi ƙasusuwa 18 a sashen ƙirji, waɗanda haƙarƙari 18 na kowane gefe ke manne da su, sai ƙasusuwa 6 a sashen kwankwaso a yawancin dawaki. A kowane gefe na ƙashin baya akwai doguwar tsoka da ta taso daga ƙugu ta nufi wuya. A kan wannan tsoka sirdi yake zama, ita ce kuma ta fi saurin nuna gajiya.

Sashen da haƙarƙari ke tallafe da shi ne kaɗai ya dace da ɗaukar nauyi. Kwankwaso ba shi da wannan tallafi, don haka bai kamata sirdi ya zarce haƙarƙarin ƙarshe ba. Haka kuma ana so a samu sarari kamar faɗin yatsu biyu zuwa uku tsakanin gaban sirdi da tudun kafaɗa, sa'annan kada sirdin ya taɓa ƙashin baya ko'ina. Masana da dama na ba da shawarar kada nauyin mahayi da kayan hawa ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin. Wannan abin lura ne a lokacin hawan sallah, inda lifidi da jalala da sauran kayan ado ke ƙara nauyi da zafi, doki kuma ya yi sa'o'i a tsaye cikin rana.

Alamomin ciwon baya

Doki yana nuna ciwo ne ta halinsa. Daga cikin alamomin akwai lotsa baya ko zabura idan an taɓa shi, da kwantar da kunnuwa, da kai cizo lokacin ɗaura sirdi ko jan majayi, da kaɗa wutsiya ba tare da ƙuda ba. Wani yakan ƙi tsayawa a hau shi, wani yakan rage tsawon taku, wani kuma yakan yi tutsu alhali ba halinsa ba ne. Farin gashi da ya tsiro a wurin zaman sirdi shaida ce ta matsi na tsawon lokaci, miki kuwa shaida ce cewa an makara.

Sau da yawa ana ɗaukar waɗannan alamomi a matsayin taurin kai, a bi dokin da bulala ko a tsananta linzami, abin da ke ƙara dagula lamarin. Abubuwan da suka fi jawo ciwon baya su ne sirdin da bai dace da jikin dokin ba, da mahayin da ke karkata gefe guda, da aiki mai tsanani bayan dogon hutu, da ɗingishin da ba a lura da shi ba. Dokin da ƙafarsa ke ciwo yakan sauya tafiya don ya rage mata nauyi, daga nan tsokar baya ta ɗaure. Akwai kuma larurar da tsinin ƙasusuwan baya ke matsowa har su riƙa gugar juna, wadda sai da hoton ƙashi ake tabbatar da ita.

Amfanin tausa da iyakarta

Tausa na taimakawa wajen sassauta tsokar da ta ɗaure da kwantar wa doki hankali. Tana kuma bai wa mai kula da barga damar gano kumburi ko zafi ko wurin ciwo tun da wuri, domin hannun da ke bin jikin doki kullum shi ke fara jin canji. Amma tausa ba ta gyara sirdi marar kyau, ba ta kuma warkar da ciwon ƙashi ko ɗingishi. Idan ba a kawar da sanadin ba, ciwon zai dawo da zarar an sake hawa.

Ana fara tausa ne bayan an goge jikin dokin da buroshi, a wuri marar hayaniya, an ɗaure shi da ragama ko wani na riƙe da shi. Mai tausa zai tsaya a gefe, kusa da jikin dokin, ba a bayansa ba. Matakin farko shi ne shafa da tafin hannu a hankali, ana bin kwanciyar gashi daga wuya zuwa ƙugu, domin tsoka ta ɗumama. Daga nan sai dannawa da gindin tafin hannu, a danna a saki, ana bin doguwar tsokar da ke gefen ƙashin baya. Inda aka ji tauri sai a murza da kan yatsu cikin ƙananan da'irori. A ƙarshe a koma ga shafar farko. Minti 10 zuwa 20 sun isa, a raba su daidai tsakanin gefen dama da na hagu.

Ba a danna kan ƙashin baya kai tsaye, ba a kuma tsananta ƙarfi a kwankwaso. Dokin da ke jin daɗin tausa yakan sauke kai, ya lumshe ido, ya riƙa taunar baki ko ya yi ajiyar numfashi. Idan ya ɗaure jiki ko ya kai harbi, sai a rage ƙarfi ko a dakata.

Akwai lokutan da tausa ba ta dace ba: idan doki na da zazzaɓi, ko sabon rauni, ko kumburi mai zafi, ko cutar fata, ko ciwon ciki. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Salshiyos, abin da ya haura haka kuwa na buƙatar likitan dabbobi.

Dalilin sanya takalman kariya

Ƙafafun gaba suna ɗaukar kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Daga gwiwa zuwa kofato babu tsoka, sai ƙashi da jijiyoyi da fata, saboda haka bugu kaɗan kan iya kai wa ga jijiya. Raunin jijiya kuma yana da jinkirin warkewa, yakan ɗauki watanni da yawa, kuma yana iya dawowa.

Aikin takalmin kariya shi ne tare bugu da guga. Ba ya ƙara wa jijiya ƙarfi yadda wasu ke zato, ba ya kuma maye gurbin yanke kofato a kan kari.

Ire-iren takalman

Na farko shi ne takalmin guga, wanda ke naɗe ƙwauri, da kauri a gefen ciki. Ya dace da dokin da ƙafarsa ɗaya ke gugar ɗaya yayin tafiya, da kuma kilisa ta yau da kullum.

Na biyu shi ne takalmin jijiya, mai tauri a baya, sau da yawa buɗe a gaba. Ana sa shi a ƙafafun gaba domin kare jijiya daga bugun kofaton baya, musamman wajen tsallake shinge.

Na uku shi ne gajeren takalmin idon sawu, wanda aka fi sawa a ƙafafun baya.

Na huɗu shi ne mai siffar ƙararrawa, yawanci na roba, da ke rufe dunduniya da saman kofato. Yana da amfani ga dokin da kofatonsa na baya ke taka dunduniyar gaba a lokacin sukuwa ko tsayawar gaggawa.

Na biyar shi ne dogon takalmin tafiya, mai laushi, da ake sawa idan za a ɗauki doki a mota. Ba a hawa da shi.

Akwai kuma bandeji da ake naɗawa, wanda ya shahara a ƙwallon dawaki, inda dokokin wasa suka wajabta kare ƙafafun doki saboda bugun ƙwallo da sanda. Naɗa shi na buƙatar gwaninta, domin matsin da bai daidaita ba kan iya lahanta jijiyar da ake son karewa.

Abin dubawa kafin saye

Abu na farko shi ne girma. A auna tsawon ƙwauri da kaurinsa, a zaɓi wanda ba zai taɓa bayan gwiwa ba idan doki ya lanƙwasa ƙafa. Bayan an ɗaura, yatsa ɗaya ya iya shiga tsakanin takalmi da fata. Maɗauran su kasance a gefen waje, bakinsu na kallon baya.

Abu na biyu shi ne zafi, wanda ya fi shafar ƙasashe irin Najeriya. Bincike ya nuna cewa zafin cikin jijiyar doki kan kai wajen digiri 45 a lokacin sukuwa, rufe ƙafa kuma na hana zafin fita. Don haka an fi son takalmi marar nauyi, mai ƙofofin shan iska, wanda ba ya riƙe ruwa da gumi. A cire shi da zarar an gama aiki, a kwarara wa ƙafafun ruwan sanyi, a duba ko akwai kumburi.

Abu na uku shi ne tsabta. Yashin da ya maƙale a cikin takalmi yana cin fata kamar sirdi marar kyau, don haka a wanke shi a shanya bayan kowane hawa. Dokin da ba ya guga, kuma aikinsa bai wuce tafiyar hankali ba, ba lallai ne ya buƙaci takalmi ba.

Inda za a nemi taimako

Idan ɗingishi ko ciwon baya ya wuce kwana biyu, ko kumburi ya bayyana a jijiya, wajibi ne a dakatar da hawa a nemi likita. Akwai asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Ibadan, da Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, da Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, baya ga asibitocin dabbobi na jihohi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta faro aiki a can tun 1924, na gudanar da gwaje-gwajen gano cututtuka. Ana so mai doki ya je da sirdin da takalman da ake amfani da su, domin likita ya gwada su a jikin dokin.