FIM ƊIN DA AKA JINGINAR DA GWAL ƊIN MATAR AURE AKA YI SHI

Jama'a, duk sanda aka taso da zancen halin da Kannywood ke ciki, amsar da muke ji ɗaya ce: babu jari, kasuwar faifai ta mutu, gwamnati ta yi watsi da mu. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma tunda mu mutane ne masu son fim ɗin Indiya tun zamanin sinimar Rex da Palace da Plaza a Kano, bari in ba ku tarihin wani fim ɗin Indiya da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, alhali shi ne ya fara sa duniya ta ɗauki sinimar ƙasar da daraja. Sunansa Pather Panchali, ma'ana waƙar 'yar ƙaramar hanya, ya fito a 1955. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Wanda ya yi shi, Satyajit Ray, mutumin Kalkata ne a yankin Bengal, an haife shi a 1921. Sana'arsa zane. Tun 1943 yake aiki a wani kamfanin talla na Turawan Ingila mai suna D.J. Keymer, yana kuma zana bangon littattafai a gefe. Ta nan aka ba shi aikin yi wa wani littafi zane, wato taƙaitaccen bugun yara na labarin Pather Panchali, wanda Bibhutibhushan Bandyopadhyay ya wallafa a 1929 da harshen Bengali. Labarin ya shiga ransa, ya ƙudurta cewa wata rana sai ya mai da shi fim. A lokacin ko kyamarar fim bai taɓa riƙewa ba.

Abubuwa biyu suka ƙara masa ƙarfin gwiwa. A 1949 daraktan nan na Faransa, Jean Renoir, ya je Kalkata neman wuraren da zai ɗauki fim, Ray ya riƙa raka shi yana kallon yadda yake aiki. A 1950 kuma kamfaninsu ya tura shi Landan na 'yan watanni, ya kalli finafinai 99 kafin ya dawo. Wanda ya fi girgiza shi a ciki shi ne na Italiya, Bicycle Thieves, labarin talakan da aka sace wa keke, wanda aka ɗauka a kan titi da mutanen da ba 'yan fim ba. Nan ya gane cewa abin da masu sana'ar a garinsu suke ce masa ba zai yiwu ba, wasu sun riga sun yi shi. A cikin jirgin ruwa kan hanyar komawa gida ya soma tsara fim ɗinsa, kuma maimakon rubutaccen labari irin wanda aka saba, sai ya zana fitowa-fitowa a littafi, yadda kowane hoto zai kasance.

Me labarin ya ƙunsa? Wani talakan malamin addinin Hindu ne mai suna Harihar, da matarsa Sarbajaya, da 'ya'yansu biyu, Durga da ƙanenta Apu, sai wata tsohuwa 'yar uwar maigidan da ke raɓe a gidan. Durga tana tsinto 'ya'yan itace a lambun maƙwabta ta kai wa tsohuwar, uwarta tana shan gori a kan haka. Uban ya tafi neman kuɗi ya daɗe babu labari. Durga ta yi wasa cikin ruwan sama, zazzaɓi ya kama ta, ta rasu. Uban ya dawo da tsarabar zane ya saya mata, bai san ta mutu ba. A ƙarshe suka ɗora komatsansu a amalanken shanu suka bar ƙauyen. Shi ke nan labarin. Babu bos, babu soyayya, babu rawa a kan dutse.

To, kun ga dalilin da ya sa ya yi kusan shekara biyu yana yawo da littafin zanensa ofis-ofis ba wanda ya ba shi ko anini. Wasu suka ce a sa waƙoƙi. Wasu suka ce a ɗauko jarumai masu suna. Wasu suka ce labarin ya yi, amma a ba wani ƙwararren darakta. Ya ƙi duka. Matar marubucin, wanda ya rasu a 1950, ta ba shi izinin littafin, ya rage saura kuɗi.

Da ya ga babu sarki sai Allah, sai ya ci bashi a kan inshorarsa, ya haɗa da abin da 'yan uwa da abokai suka ranta masa, ya fara ɗauka ranar 27 ga Oktoba 1952. Dabararsa ita ce ya ɗauki wani yanki ya nuna wa masu kuɗi, ko gani zai kori ji. Bai ajiye aikin ofis ba, saboda haka sai ranakun hutu ake fita. Ku dubi ma'aikatansa: mai ɗaukar hoto, Subrata Mitra, shekararsa 21, hoton kati ya iya, bai taɓa sarrafa kyamarar fim ba. Yaron da ya fito a Apu, Subir Banerjee, an yi ta cigiya a jarida ba a samu wanda ya dace ba, sai matar Ray ce ta hango shi a unguwarsu. Wadda ta fito a uwa, Karuna Banerjee, matar abokinsa ce mai wasan daɓe. Tsohuwar kuwa, Chunibala Devi, ta kai shekara 80, ta daɗe da barin wasa har an manta da ita. A cikin manyan ma'aikatan, mai tsara wuri Bansi Chandragupta da edita Dulal Dutta ne suka san aikin fim.

Fitowar da suka fara da ita ita ce wadda ta fi shahara a fim ɗin yau: Apu da Durga suna gudu a cikin wani fili cike da doguwar ciyawa mai farin fure, irin kyauron nan namu, sai ga jirgin ƙasa ya keto da baƙin hayaƙi, karo na farko da suka taɓa ganinsa. Sun ɗauki rabi suka koma gida da niyyar ƙarasawa wani makon. Da suka dawo, shanu sun cinye furen tas. Dole aka jingine fitowar sai wata shekarar da kyauron ya sake fure.

Daga nan wahala ta fara da gaske. Masu kuɗin da aka nuna wa abin da aka ɗauka ba su motsa ba. Wani mai rarraba finafinai ya ba da ɗan abin da ya ba da, da finafinansa suka faɗi a kasuwa sai ya janye. Ray ya sayar da faya-fayan garmahonsa da littattafansa na zane. Aka jinginar da gwala-gwalan matarsa Bijoya. Duk da haka kuɗin ya ƙare, aiki ya tsaya cik kusan shekara guda. Duk wanda ya san fim ya san haɗarin wannan: yara suna girma, tsohuwa tana ƙara tsufa. Shi kansa Ray daga baya ya ce sa'a uku ce ta cece shi: muryar yaron ba ta fashe ba, yarinyar ba ta yi girman da za a gane ba, tsohuwar kuma ba ta mutu ba. Allah da ikonSa, sai da aka gama ɗauka sannan ta rasu, a 1955, kafin a saki fim ɗin a gari.

Wanda ya ceci aikin a ƙarshe gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ce. Ta hanyar wata ƙawar mahaifiyarsa aka kai maganar gaban babban ministan jihar, Dakta Bidhan Chandra Roy. Jami'ai suka ɗauka fim ne na wayar da kan ƙauyawa, kuma da yake akwai kalmar hanya a sunansa, sai aka rubuta kuɗin a ƙarƙashin gyaran hanyoyi. Kun ji fa! Kuɗin ma kashi-kashi ake bayarwa, sai an kawo lissafin na baya a saki na gaba. Sannan aka nemi ya sauya ƙarshen labarin ya zama na farin ciki. A nan ne ya tsaya kai da fata, ya ce yadda littafin yake haka zai bar shi.

Amma fa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ray ya tsira da labarinsa, mallakar fim ɗin kuwa ta koma hannun gwamnati. Har gobe in ka duba sunan furodusan Pather Panchali, gwamnatin Bengal ta Yamma za ka gani. Mutumin da ya jinginar da gwal ɗin matarsa ba shi ne mai kayan ba. Masu kiran gwamnati ta shigo harkar fim da jari, ku riƙe wannan.

An ɗauki yawancin fim ɗin a ƙauyen Boral, kusa da Kalkata, da hasken rana, ruwan saman da ke ciki ma na gaske ne, zama suka yi suna jiran hadari. A 1954 wani jami'in gidan adana kayan fasaha na zamani da ke birnin New York, Monroe Wheeler, ya ga hotunan aikin ya nemi a kawo fim ɗin wajen wani baje koli. Wannan ya sa aka shiga tsere da lokaci. Makaɗin nan Ravi Shankar rabin fim ɗin kawai ya gani, ya zauna zama ɗaya na kusan awa 11 ya yi kiɗan. Aka aika fim ɗin ko fassara a ƙasan allo babu, aka nuna shi a New York ranar 3 ga Mayu 1955. Ranar 26 ga Agusta aka sake shi a Kalkata. Makon farko shiru-shiru, daga baya labari ya bazu baki da baki, sinima ta riƙa cika.

Sai kuma wata rigimar da za ta yi muku kama da tamu. Wasu manya a gwamnati suka ce kada a kai fim ɗin waje, zai tona asirin talaucin Indiya. Firaminista Jawaharlal Nehru ya kalla, ya goyi bayan a kai shi. A 1956, a bikin finafinai na Cannes a Faransa, aka ba shi lambar yabo ta musamman saboda yadda ya nuna rayuwar ɗan Adam. Ci gabansa, Aparajito, ya ɗauki babbar lambar bikin Venice a 1957, na ukun, Apur Sansar, ya fito a 1959. Zargin bai mutu ba duk da haka. Nargis, jarumar Mother India da iyayenmu suka sha kuka a kanta, ta soki Ray a 1980 lokacin tana 'yar majalisa, cewa talauci yake sayar wa Turawa. A 1992, yana kwance a gadon asibiti, aka kai masa lambar Oscar ta girmamawa, ya rasu a watan Afrilun shekarar. Ƙiyasin da aka fi ambata na abin da fim ɗin ya ci bai wuce rupi 150,000 ba, a zamanin da manyan finafinan Bombay ke lashe miliyoyi.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma da ƙaramin ƙarfi muka fara. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, a kaset ɗin bidiyo, ba tare da jiran kowa ba, kuma daga nan masana'antar da ke ciyar da dubban mutane ta tsiro. Ke nan rashin jari ba baƙonmu ba ne. Inda muka rabu da Ray shi ne abin da muka yi da ɗan abin da ke hannunmu. Mun leƙa Indiya mun ɗauko ta Bombay, ta rawa da waƙa da soyayyar mutum uku, muka bar ta Kalkata, wadda ta ɗauki littafin harshenta, ta je ƙauyenta, ta nuna mutanenta yadda suke.

Littattafan kuwa muna da su. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa tun 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim. Ga Ruwan Bagaja, ga Ganɗoki, ga tarin littattafan Balaraba Ramat Yakubu da sauran marubutan Kano. Ga kuma labaran da ba a rubuta ba tukuna: matar da mijinta ya tafi cirani Legas shekara uku babu aike, yaron da aka kai almajiranci yana ɗan shekara shida, ƙauyen da ya tashi dare ɗaya saboda 'yan bindiga. Wanne ne a ciki yake buƙatar gidan sama da jerin motoci? Wayar da ke aljihunka yau ta fi sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba a kan kyamarar da Subrata Mitra ya koyi aiki da ita, kuma kai ba ka sayen fim ɗin ɗauka ƙafa-ƙafa kamar yadda suka yi.

Abin da ya fi tsada a Pather Panchali lokaci ne da taurin kai. Shekaru yana tsara hotunansa a takarda kafin ya kunna kyamara. Ya jira fure, ya jira ruwa, ya ce a'a ga masu kuɗi, ya ce a'a ga gwamnati a kan ƙarshen labari. Mu kuwa sau nawa ake isa lokeshin ba a gama rubuta labarin ba, saboda dole a saki kashi na gaba a YouTube ranar da aka saba?

Na san za a ce ai mai iyali ba zai yi shekara uku a kan fim ɗaya ba, kuma haka ne. Ray ma bai bar aikin albashinsa ba sai da fim ɗin ya fito. A ci gaba da yin masu dogon zango, su ne ke kawo na cefane. Amma a cikin daraktocinmu da furodusoshinmu a samu ko mutum biyu da za su ware labari ɗaya na gida, su ba shi lokacinsa, su kuma rubuta yarjejeniya a takarda da duk wanda zai zuba kuɗi, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, kan wa ke da fim ɗin da kuma wa ke da ikon taɓa labarin. Tun da aka soke maganar ƙauyen fim na Kano a 2016 muke zaman jiran gwamnati, shekaru suna ta tafiya.

Wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba ya neme shi. Baƙi da fari ne, awa biyu da 'yan mintuna, an gyara shi fes a 2015 bayan gobarar da ta lalata ainihin kwafinsa a Landan a 1993. A kalla da haƙuri, don ba ya sauri. In kun kai wurin da uban ya miƙa wa matarsa zanen da ya sayo wa Durga, sai mu dawo mu ci gaba da maganar jari. Allah Ya sa mu dace.