Ranar da Mutuwa ta kama sana'a a Landan

A wani zane da Thomas Rowlandson ya fitar wajen 1814, ga shagon wani ɗan magori cike da majinyata, kowa na jiran a zuba masa magani a kwalba. Mai shagon ya sha kwalliya, yana ta hidima. Sai ka leƙa bayan labule ka ga yaron shagon: kwarangwal ne tsirara, ya riƙe taɓarya yana daka maganin a turmi. Mutuwa ce ta samu aikin yi.

Bahaushe kan ce mutuwa ta zo, ta ɗauke wane. Baturen Ingila kuwa namiji yake ɗaukarta, ya zana ta ƙashi zalla, da mashi a hannu ɗaya, da kwalbar yashi mai auna lokaci a ɗayan. Siffar aro ce daga sauran ƙasashen Turai. Tun ƙarni na 15 akwai zanen da ake kira Rawar Mutuwa a farfajiyar tsohon cocin St Paul's na Landan, inda kwarangwal ke jan kowa da hannu, daga Fafaroma da sarki har manomi, kafin a rushe wurin a 1549. Hans Holbein, Bajamushen da ya zama mai zanen fadar Sarki Henry na Takwas, ya yi nasa jerin da aka sassaƙa a kan katako aka buga a Lyon ta Faransa a 1538, sannan Wenceslaus Hollar, mutumin Prague da ya ƙare rayuwarsa a Landan, ya kwafe shi a farantin jan ƙarfe a 1651. Duk waɗannan wa'azi suke yi, irin na mutuwa rigar kowa.

Abin da masu zanen Ingila suka ƙara shi ne nuna yatsa. James Gillray, wanda bakinsa bai da linzami, ya zana Firaminista William Pitt a 1795 a matsayin Mutuwa, ramamme tsirara a kan farin doki, yana tattake talakawa, a lokacin da yaƙi da Faransa da tsadar abinci suka gallabi jama'a. Pitt dama siriri ne kamar sillen kara, don haka Gillray bai sha wata wahala ba.

Rowlandson ne ya kai abin ƙarshe. Tsakanin 1814 da 1816 maɗaba'ar Rudolph Ackermann ta riƙa fitar da jerinsa mai suna The English Dance of Death wata-wata, zane 72 masu launi, William Combe yana rubuta baitocin da ke raka su. A nan Mutuwa ta bar maƙabarta ta shiga gari. Tana dambe da 'yan dambe, tana farauta da mafarauta har ta kai su bakin rami, tana kifar da masu wasan zamiya a kan ƙanƙara, tana zaune a kujerar mai gadi a gidan attajiri barori na gudu. A gidan giya ita ke kula da tukunya. Kwarangwal ɗin Rowlandson kullum cikin raha yake, kamar wanda ya san ba sai ya yi gaggawa ba, tunda mutane da ƙafarsu suke zuwa. Mai kallo zai yi dariya, amma in ya duba da kyau zai ga kowane mamaci akwai abin da ya kai shi, ko kwaɗayi, ko ganganci, ko wani ɗan kasuwa da ya ci riba a kansa. George Cruikshank ya bi wannan sawun a 1829 da zanen shagon barasa, inda Mutuwa ta shigo da shigar ɗan sintirin dare.

Da kwalara ta shigo Ingila a 1831, siffar ta zama makamin 'yan jarida. A zafin 1858 kogin Thames, wanda duk bahayar Landan ke kwarara cikinsa, ya yi ɗoyin da ya hana 'yan majalisa sakat a zaurensu da ke bakin ruwa. Mujallar Punch ta buga zanen Mutuwa lulluɓe da mayafi tana tuƙa kwale-kwale a kogin, mushen dabbobi na yawo a gefenta. Kafin ƙarshen watan Agusta majalisa ta amince da dokar da ta ba injiniya Joseph Bazalgette damar gina manyan magudanun ƙazanta a ƙarƙashin birnin. Gaskiya hancin 'yan majalisa ya fi zanen tasiri, amma zanen ne ya wanzu.

Shekara takwas bayan haka, a 1866, kwalara ta sake ɓarkewa a gabashin Landan, inda aikin magudanun bai kammala ba, ta kashe sama da mutum 5,000. Mujallar Fun ta fitar da zanen George Pinwell: kwarangwal da kambin sarauta a ka yana buga famfon unguwa, mata da yara talakawa sun miƙa tuluna da kofuna yana cika musu kyauta. Likita John Snow ya riga ya nuna tun 1854, a famfon titin Broad, cewa ta ruwan sha cutar ke yaɗuwa, amma hukumomi sun daɗe suna ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. Annobar 1866 ita ce babbar kwalara ta ƙarshe da Landan ta gani.