Me ke hana mota tashi a lokacin tsananin zafi?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara kan haura digiri 40 a ma'aunin Celsius a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, akwai wata matsala da direbobi suka saba cin karo da ita.

Mota ta tashi lafiya lau da asuba, ta yi tafiyar sa'o'i babu wata tangarɗa. An tsaya sallar Azahar ko shan mai, an kashe injin. Bayan minti goma an dawo an murɗa makulli, ta ƙi tashi.

Sau da yawa kuma idan aka bar ta ta huce na awa guda ko biyu, sai ta tashi tamkar babu abin da ya faru, lamarin da kan sa mai ita ya ɗauka matsalar ta kau. Alhali kuwa tashin da ta yi bayan ta huce shi ne shaidar cewa akwai wani sashe nata da ya raunana, wanda ba ya iya jure wa zafi.

Dalili shi ne ba a lokacin gudu ne ƙarƙashin bonet ya fi ɗaukar zafi ba. Da zarar an kashe injin, famfon da ke zagayawa da ruwa ya tsaya, iskar da ke shiga ta gaba ta ɗauke, sai zafin da ke jikin ƙarfen injin da salansa ya bazu zuwa kan batir da wayoyi da bututun mai. Shi ya sa gajeriyar tsayawa ta fi doguwa kawo matsala.

Duba injin tukuna

Kafin a sake taɓa makulli, tambayar farko ita ce ko injin ne da kansa ya ɗauki zafi fiye da kima, domin nan ne babbar asarar take.

Alamomin su ne allurar mitar zafi ta doshi ja kafin a tsaya, ko tururi na fita daga gaban mota, ko ruwa na ɗiga a ƙasa, ko kuma fanbel ya tsinke.

A irin wannan hali ba a buɗe murfin lagireto. Murfin yana riƙe ruwan ne a matse yadda ba zai tafasa ba sai ya kai kusan digiri 120, saboda haka da an sassauta shi ruwan kan yi tsartuwa ya ƙone fuska da hannu. Haka nan sheƙa wa injin ruwan sanyi, kamar yadda ake yawan gani a bakin hanya, na iya sa ƙarfen saman injin ya lanƙwashe ko ya tsage.

Idan bayan injin ya huce aka ga baƙin mai ya koma launin shayi da madara, ko kuma injin yana juyawa da sauri da sauƙin da ba a saba ji ba amma ba ya kamawa, to mai yiwuwa gaskit ya ƙone. Wannan aikin gareji ne, kuma duk ƙarin yunƙurin tayar da motar ƙarin ɓarna ne.

Sauraro

Idan babu waɗannan alamomi, abin da ya rage shi ne a kashe rediyo da na'urar sanyaya mota, a murɗa makulli sau ɗaya, a saurara. Sautin da aka ji ne zai raba matsalar gida biyu: ko dai injin ba ya juyawa sam, ko kuma yana juyawa amma ba ya kamawa. Bangaren farko na batir ne da sitata, wadda makanikai ke kira kik. Na biyu kuwa na mai ne da tartsatsin fulogi. Direban da ya bambance waɗannan biyun ya rage wa kansa rabin aikin, ya kuma tsira daga sayen sabon batir saboda laifin famfon mai.

Ba a son a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a kowane gwaji, sannan a dakata kamar minti guda. Nacewa kan ƙone sitata ta kuma zuƙe ɗan abin da ya rage a batir.

Idan injin ba ya juyawa

Gwaji mafi sauƙi shi ne a kunna fitilun gaba, mutum guda ya tsaya yana kallonsu, wani ya murɗa makulli.

Idan fitilun suka dushe sosai kuma aka ji ƙara ƙas-ƙas-ƙas da sauri, wuta ce ba ta isa. Ko batir ya yi sanyi, ko kawunansa sun kwance, ko kuma wannan farin gari ko kore da kan taru a kansu ya tare hanya. Wajibi ne a duba har da baƙar wayar da ke haɗa batir da jikin mota, domin ita ake yawan mantawa da ita.

A ƙasashen Turai sanyi ake zargi da kashe batir, amma zafi ne ke cinye shi. Yana ƙafar da ruwan da ke ciki, yana kuma hanzarta lalacewar farantan dalma. Ƙa'idar da aka saba amfani da ita ita ce duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan digiri 25 yana rage tsawon rayuwar batirin dalma da rabi, abin da ke bayyana dalilin da ya sa batir ba ya daɗewa a yankin Sahel.

Ƙaramar mitar awon wuta kan warware gardama. Cikakken batir da ya huta yana nuna volt 12.6. Idan ya nuna 12.2 ya rage saura rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. A lokacin da ake murɗa makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba, idan injin yana aiki kuma ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka na nufin altaneta ba ta caji, kuma sabon batir ma haka zai mutu cikin 'yan kwanaki.

Batirin da ake iya buɗe murafensa, tataccen ruwan batir kawai ake ƙara masa. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana ɗauke da ma'adinai da ke lalata shi.

Idan kuwa fitilu suka tsaya da haskensu, aka ji ƙas sau ɗaya ko ba a ji komai ba, to batir ya fita daga zargi. Hankali sai ya koma kan sitata, wadda a motoci da dama take maƙale kusa da bututun salansa. Tana jan wutar da ta haura amfiya 100, kuma wayar tagulla tana ƙara tauye wuta gwargwadon yadda ta yi zafi, don haka tsohuwar sitata da ke iya aiki da safe kan gaza da rana tsaka.

Ƙwanƙwasa ta a hankali da sifana, dabarar da duk yaron mota ya sani, kan sa ta motsa idan gawayin da ke cikinta ya cinye. Dabara ce ta isa gida kawai, kuma bugu da ƙarfi na iya fasa maganaɗisun da ke ciki.

A mota mai giya atomatik yana da kyau a mayar da giya kan N a sake gwadawa, domin makunnin da ke shaida wa mota cewa giya tana kan P kan lalace. Ita dai irin wannan mota ba ta tashi da turi.

Idan yana juyawa amma ba ya kamawa

Fetur haɗin sinadarai ne masu yawa, kuma mafi sauƙinsu kan soma tafasa tun daga digiri 30 zuwa 40. A tsofaffin motoci masu kafireto, irin su Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, famfon mai yana jikin injin ne, yana zuƙo mai daga tanki. Idan man da ke cikin bututu ya zama tururi, famfon ba shi da abin zuƙowa, sai injin ya yi ta juyawa babu mai.

Maganinsa a nan take shi ne a tura motar inuwa, a ɗaga bonet, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon da bututun, a jira. Abin da ba a yi shi ne tsiyaya fetur a bakin kafireto alhali injin na da zafi. Motoci da dama sun ƙone ƙurmus ta wannan hanya.

A motocin zamani famfon yana cikin tanki, yana tura mai da ƙarfi, don haka tafasar ba ta cika faruwa ba sai famfon ya tsufa har ya daina riƙe matsin mai bayan an kashe injin. Idan aka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ba tare da an kai ga tayarwa ba, ya kamata a ji wani ɗan gunji na daƙiƙa biyu daga wajen kujerar baya. Idan an ji shi, a maimaita haka sau uku kafin a tayar. Motar da ta tashi ta wannan hanya ta nuna inda ciwonta yake.

Man da ke cikin tanki shi ne ke sanyaya wannan famfo. Tun bayan janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, yawo da ɗan mai kaɗan a tanki ya zama tilas ga mutane da yawa, sai dai a lokacin bazara famfon ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Man jarka da ya sha ƙura a bakin titi kuma kan toshe matatar mai, ya ƙara wa famfon nauyi.

Idan ba a ji gunjin ba ko kaɗan, kafin a yanke hukunci a kan famfo sai a duba fiyus da 'yar na'urar nan da ake kira rile, wadda ke ba shi wuta. Tsofaffin motocin Honda na shekarun 1990 sun yi suna da wannan: dalmar da aka liƙe rilen da ita kan tsage, tsagar ta buɗe idan cikin mota ya yi zafi, ta rufe idan ya huce.

Akwai kuma akasin haka, wato mai ya yi yawa. Idan sensar da ke auna zafin ruwa ta lalace, takan shaida wa kwamfutar mota cewa injin yana da sanyi, ita kuma ta kwarara mai har ya jiƙe fulogi. Alamar ita ce warin fetur. A nan ana take totur har ƙasa a riƙe shi yayin da ake murɗa makulli, ba a yi ta famfa shi ba.

Ta fuskar tartsatsi, abubuwa biyu ne zafi ya fi kayarwa: kwayil, da kuma sensar da ke ƙirga juyawar injin. Dukkansu suna da siririyar waya a naɗe a ciki, wadda kan rabu idan ta buɗa da zafi. Idan wannan sensa ta ɗauke, kwamfuta ba ta sanin injin yana juyawa, sai ta hana mai da tartsatsi gaba ɗaya. A motoci da yawa allurar da ke nuna juyawar injin kan ɗan motsa idan ana tayarwa. In ta kwanta shiru, zargi ya ƙarfafa.

Motocin gas ba su da fulogi, don haka matsalarsu kusan duk ta mai ce: iska ta shiga bututu, ko kuma famfon da ya tsufa ya kasa tara matsi saboda gas ɗin ya tsinke da zafi. Wasunsu suna da ɗan famfon hannu a kan matatar mai da ake dannawa har ya yi tauri.

Abin da za a faɗa wa makaniki

Wahalar wannan matsala ita ce kafin motar ta isa gareji ta huce, ta kuma tashi a gaban makaniki. Daga nan ne ake shiga canje-canjen kayan gyara bisa hasashe.

Abin da zai taimaka masa shi ne bayani dalla-dalla: tsawon tafiyar da aka yi, minti nawa motar ta tsaya, wane sauti aka ji, ko an ji warin mai, da kuma tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta tashi. Ya kamata kuma a yi awon a lokacin da injin ke da zafi.

Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996, da masu amfani da fetur na Tarayyar Turai daga 2001, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar bincike. Kwamfutar motar kan adana lambar matsalar ko da ta wuce, misali P0335 da ke nuni ga sensar juyawar injin. Cire kan batir kafin a karanta na iya goge wannan shaida a motoci da yawa.

Mutanen da ke cikin motar

A ranar 3 ga watan Afrilun 2024, ana cikin azumin Ramadan, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A yini irin wannan, motar da aka rufe a rana kan ƙara fiye da digiri 10 cikin minti goma, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Saboda haka kafin a soma binciken komai, yara da tsofaffi da marasa lafiya ake fara fitarwa zuwa inuwa.

A hanyoyin hamada lamarin ya wuce batun ɓata lokaci. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92, akasarinsu mata da yara, a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su daga Arlit sun lalace. A shekarar 2017 wasu 44 sun mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku a irin wannan yanayi.

Shawarar da ake bai wa matafiya a irin waɗannan hanyoyi ita ce kada mota ta tafi ita kaɗai, a ware ruwan sha daban da na lagireto, a kuma shaida wa wani lokacin da ake sa ran isa. Idan motar ta ƙi tashi, a zauna kusa da ita, domin masu neman ceto sun fi saurin hango mota a kan mutum, a kafa inuwa da tabarma ko tamfol, a bar bonet a ɗage, a dakatar da gwaji har rana ta yi sanyi domin a tanadi ƙarfin batir.