Kare a Gaban Bindigar Ɗan Sandan Amurka

Ranar 1 ga Janairun 2003, 'yan sanda suka tare motar wani iyali kusa da Cookeville a jihar Tennessee, bisa zaton fashi. Ashe walat ne maigidan ya manta a kan rufin mota, iska ta watsa kuɗin. Ana cikin durƙusar da su a bakin titi da ankwa, karensu ya diro, wani jami'i ya bindige shi, kyamarar motar sintiri tana ɗauka.

A ganina, matsalar ta horo ce tun asali. Shekaru aru-aru doka na kallon kare a matsayin dukiya kawai, makarantun 'yan sanda kuma ba su damu da koyar da halayensa ba. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce kashe karnuka a wani samamen 'yan sanda a San Jose ya saɓa wa tsarin mulki, jihar Colorado kuma ta wajabta wa 'yan sanda horo kan halayen karnuka a 2013. Masu kare jami'ai kan ce cikin daƙiƙa guda ake yanke shawara. Haka ne, amma a Cookeville iyalin sun yi ta roƙon a rufe ƙofar motar tun kafin karen ya fito.