Laima, Katako da Kaucewar Saiti: Nazari kan Sabuwar Bindiga Mai Sakata a Yanayin Kadawa

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke sa sabuwar bindiga mai sakata ta riƙa watsa harsashi, ta ɗauki yanayin Kadawa a matsayin ma'auni. Matsayarta ita ce, a ƙasar da hunturu da damina ke musayar iska kamar tamu, ƙotar katako ce ta fi cancantar tuhuma kafin bututu.

Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin shinkafa, alkama da tumatir na Kura, Bunkure da Garun Malam, yankin da Kadawa take. Wanda ya shiga gonakin nan da asuba a watan Janairu zai tarar da ƙasa jiƙe, ya koma gida da rana cikin iskar da ke tsage leɓe. Mafarautan yankin galibi adaka da harba-ka-ruga suka sani. Dokar Makamai ta 1959 ta sa lasisin bindigar da ake ɗurawa ta baki a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, na bindigar farauta mai sakata kuwa a hannun Sufeto Janar. Sai dai ita mai sakatar ba baƙuwa ba ce, domin Lee-Enfield mai harsashin .303 ta daɗe a kafaɗar 'yan sandan Najeriya.

Rarrabe matsala

Abu biyu ake cakuɗawa. Idan hudojin allon bara suka taru wuri guda amma nesa da tsakiya, gyaran saiti kawai ake bukata. Idan suka warwatse, cutar tana jikin bindiga, ko harsashi, ko maharbi. Ana auna warwatsuwa da mintin kusurwa, wanda ya yi kusan santimita 2.9 a nisan mita 100. Harbi uku bai isa hujja ba, domin sa'a kaɗai tana iya haɗa su. Biyar zuwa goma, a maimaita, kan abin dogara mai ƙarfi, shi ne ke nuna gaskiyar hali. Kusoshin madubin saiti da na ɗaurin ƙota su ake fara dubawa, kuma sau da yawa a nan zancen ke ƙarewa.

Ƙota da laima

Katako ba ya daina mu'amala da iska ko bayan an sassaƙa shi an shafe. A iska mai ɗanshi kashi 20 cikin 100, ruwan jikinsa yakan tsaya wajen kashi 4 zuwa 5. Idan ɗanshin ya kai kashi 80, sai ya haura wajen kashi 16. Kano tana ganin irin na farko a hunturu, ta ga irin na biyu a Agusta. Kumburi da motsewar nan sun fi ƙarfi a faɗin katako fiye da tsawonsa, saboda haka ƙota takan ɗan karkace, ta taɓa bututu a inda da babu taɓawa. Bututu kuwa yana girgiza a kowane harbi, kuma dacewar saiti ta dogara ne kan girgizar ta zama iri ɗaya kullum. Da zarar katako ya danne shi ta gefe guda, sai hudoji su jeru a tsaye ko su zame gefe, musamman in ƙarfen ya ɗumama.

Sabuwar bindiga ta fi shiga wannan hali, domin an busar da katakonta ne daidai da iskar wata ƙasa. Idan ta iso da rani, katakon zai motse, kusoshin da aka ɗaure tam a masana'anta su saki. Mai ita sai ya ɗauka an sayar masa da gurguwa, alhali bututun lafiyarsa ƙalau. A ganin wannan nazari, babban kuskure ne a yanke wa bindiga hukunci kafin ta ga hunturu ta ga damina. Gwajin mai sauƙi ne: a zura siririyar takarda tsakanin bututu da ƙota, in bindigar irin wadda aka ƙera bututunta a sake ce, a ga ko za ta wuce ba tare da sarƙewa ba. Ba mu kaɗai ke fama da katako ba. Dakarun sintirin arewacin Kanada sun riƙe Lee-Enfield tun 1947, kuma bindigar C19 da ta gaje ta an yi mata ƙota ce da sallayen katako da aka manne, irin katakon da ba ya saurin karkacewa.

Sauran dalilai

Ƙurar hunturu tana haɗuwa da mai ta zama abin goge ƙarfe, kuma tsinken shara in aka zura shi da ganganci yakan ci leɓen bakin bututu, wurin da harsashi ke rabuwa da bindiga. Harsashi mai tsawo yana bukatar murɗin bututu mai sauri, kamar yadda lissafin Greenhill na 1879 ya nuna, don haka sauya nauyin harsashi na iya tara hudoji ko ya watsa su. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke kai digiri 40, kawalwalniya tana sa allon bara rawa a ido, bututu kuma ba ya hucewa da wuri. Gwajin da za a dogara da shi sai da sanyin safiya, da harsashi iri ɗaya, ana sauya abu guda kacal a kowane zagaye, a kuma rubuta wata da yanayin iskar ranar kusa da kowane sakamako, domin a kwatanta na Janairu da na Agusta.