Babban Gwani: Sunan da ya fita daga kan mutum ɗaya ya zama na gida

Bahaushe bai gaji sunan iyali irin na Turawa ba, wanda ake liƙa wa kowa tun daga kaka har tattaɓa-kunne. Mutum kan amsa sunan mahaifinsa, ko na garinsu, ko na sana'arsa. Amma akan samu laƙabin da ya yi nauyi har ya ƙi bin mai shi kabari, sai ya zauna a gidan, 'ya'ya da jikoki su ci gaba da amsa shi. A birnin Zariya akwai irin wannan suna: Babban Gwani.

Asalin mai sunan magini ne da ya rayu a ƙarni na 19. Wasu marubuta na kiransa Muhammadu Durugu, wasu kuma Malam Mika'ilu. A wajen magina, gwani shi ne wanda ya ƙware har ake kiransa aikin sarakuna, to shi kuwa sai aka ce shi ne babbansu. Aikin da ya fito da shi shi ne Masallacin Juma'a na ƙofar fadar Zazzau, wanda ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Lokaci ne da masarautun Daular Sakkwato ke kafuwa, kowane sarki na son masallacin da zai nuna cewa sabon zamani ya zo.

To, mene ne abin mamaki a ginin ƙasa? Amsar tana cikin rufi. Kayan aikin magini a wancan lokaci su ne tubali, da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, da azara, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika cin sa ba. Matsalar ita ce azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kimanin mita 2. Ka ga ke nan ɗaki ba zai yi faɗi ba sai an cika shi da ginshiƙai.

Dabarar da magina suka fito da ita ita ce baka. Magini zai dasa azara cikin bango ta ɗan leƙo waje, ya ɗaure ta, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sai ya ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa. Haka zai yi ta yi daga ɓangarori biyu, hawa-hawa, har ƙafafun bakan su haɗu a sama. Ƙasa tana jure danniya amma ba ta jure ja, azara kuwa tana jure ja. Da aka haɗa su sai kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Wannan shi ne ainihin tunanin da ke cikin kankare mai rodi da injiniyoyi ke zubawa yau.

Ba Babban Gwani ya ƙirƙiro baka ba, amma a masallacin Zariya ya kai ta inda ba a saba gani ba. Ya tayar da bakuna daga manyan ginshiƙai, suka ratsa juna, suka ɗauki tulluwar rufi, ya kuma yi wa ginshiƙan ado da zane mai tudu da kwari. Tsarin ginin da adonsa suka zama abu guda.

Daga nan sunan ya fara tafiya. A Kafin Madaki ta jihar Bauchi akwai Gidan Madaki, wanda ake danganta gininsa da shi wajajen 1860, kuma tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Soron da ke gidan ma Babban Gwani ake ce masa. Akwai kuma labarin baka da ke cewa bayan ya gama wani aiki a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa an kashe shi don kada ya gina wa wani abin da ya fi nasa. Irin wannan labari ana ba da shi kan manyan magina a ƙasashe da dama, kuma abin da yake nunawa shi ne girman da mutane suka ba hannun mutumin.

A Zariya kuwa, sunan ya zauna a gidansa, zuriyarsa suka riƙe sana'ar da sarautar Sarkin Magina. Da ma haka ilimin gini ke tafiya: yaro ya fara da miƙa tubali, ya koyi gane ƙasa mai kyau da hannu, ya san yadda ake haɗa makuba daga ɓawon ɗorawa don kare bango daga ruwa. Babu zane a takarda. Abin da ke kan uba shi ke komawa kan ɗa. Masana irin su Hamman Tukur Saad, da Zbigniew Dmochowski ɗan ƙasar Folan, sun bi magina sun rubuta wani ɓangare na wannan ilimi. Aikin Dmochowski ne ya kai ga gina kwafin masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Shi kansa masallacin, a shekarun 1970 an kewaye abin da aka bari na tsohon ginin da sabon gini na siminti. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe ya rufto, aka rasa rayuka. Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya bayyana cewa tun kwana ɗaya kafin nan an lura da tsagewa a bango. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ginin ƙasa kamar gona yake, kowace shekara yana son hannu: a gyara indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe kafin damina. A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ke fitowa a yaɓe babban masallacinsu ƙarƙashin jagorancin magina. A Yama ta jihar Tawa a Nijar, masallacin ƙasa da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ashe sana'ar ba ta tsufa ba, masu ita ne ke ƙaranci.

Shi ya sa gadon Babban Gwani ya fi ƙarfin bango ɗaya. In bango ya faɗi, wanda ya iya ɗaurin baka zai tayar da wani. In kuwa tsohon magini ya rasu bai koya wa kowa ba, to ko da azara da ƙasa na nan jibge, babu mai haɗa su. Sashen nazarin zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana Zariya, gidan maginan ma yana Zariya. Tafiyar ba ta da nisa.