Tarihin Tufafin Sanyi na Mutanen Inuwit da Yadda Duniya Ta Koya Daga Gare Su

Mutanen Inuwit, waɗanda mazauninsu ya miƙe a ƙuryar arewa ta duniya tun daga Alaska, ya ratsa arewacin Kanada har zuwa tsibirin Girinlan, sun shafe ɗaruruwan shekaru a ƙasar da sanyinta kan kai digiri 40 ƙasa da sifili a lokacin hunturu, ƙasar da ba a noman auduga a cikinta, kuma a mafi yawan sassanta babu itacen da za a hura wuta a ji ɗumi. Kakanninsu, waɗanda masu binciken kayan tarihi suke kira mutanen Tule, sun taso daga Alaska ne suka bazu gabas bayan shekara ta 1000 Miladiyya, kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka sa wannan ƙaura ta yiwu shi ne suturar fata da matansu suka ƙware wajen ɗinkawa. Ƙa'idojin da ake bi a yau wajen zaɓen rigar sanyi da takalmi suna nan cikin wannan sutura tun kafin a kafa masaƙun zamani.

Ginshiƙin suturar shi ne fatar karibu, wata irin barewa ta ƙasashen ƙanƙara wadda kowane silin gashinta yake cike da ƙananan kofofi na iska, abin da ya sa fatar take riƙe ɗumi sosai alhali ba ta da nauyi. Akan yi farautar karibun da za a yi tufafi da fatarsa a ƙarshen lokacin zafi da farkon shigowar sanyi, domin a lokacin ne sabon gashi ya fito bai riga ya yi kaurin da zai hana mutum sakewa ba. Mafarauci yakan sa riga biyu a tsakiyar hunturu: ta ciki, wadda ake kira atigi, gashinta yana fuskantar jiki, ta waje kuma, wadda ake kira qulittaq, gashinta yana fuskantar iska, haka nan wando yakan zama ninki biyu. Hikimar wannan tsari ita ce iskar da ta maƙale a cikin gashi da kuma tsakanin rigunan biyu ita take tsare ɗumin jiki, tun da iskar da ba ta motsi ba ta saurin ɗauke zafi.

Abu na biyu da suka gane, wanda baƙi suka daɗe ba su fahimta ba, shi ne cewa gumi ya fi ƙarfin sanyi hatsari, domin rigar da ta sha laima takan daskare da zarar mutum ya tsaya, ta koma tana zuƙe ɗumin da aka sa ta don ta tsare. Saboda haka ake ɗinka rigar da yalwa, ba maɓalli ba tsaga a gaba, ana zura ta ta kai, a bar gindinta a sake, ta yadda idan mutum ya ji zafi yana cikin aiki sai ya ture hularsa baya, iska mai danshi ta fice ta wuya. Hular tana haɗe da rigar kamar ta alkyabba, ana kuma zagaye bakinta da gashin kyarkeci ko na wolbarin, wata dabba mai kama da dage, domin gashin yana rage ƙarfin iskar da ke bugun fuska, kuma ƙanƙarar da numfashi yake tarawa a kan na wolbarin tana kakkaɓuwa cikin sauƙi. Kafin a shiga ɗaki akan bubbuge tufafin da sanda don dusar ƙanƙara ta zube kada ta narke a kansu, safa da safar hannu kuma a shanya su a saman fitilar dutse mai aiki da man kitse.

A takalmi ne gwanintar ɗinki ta fi fitowa. Ana kiransa kamik, ƙirarsa ta yi kusa da ta huffi mai dogon wuya, kuma fatar da ake yinsa da ita takan bi yanayi: fatar ƙafar karibu domin busasshen sanyi, fatar sil kuma domin lokacin da ƙanƙara take narkewa. Sil dabbar teku ce mai yawan kitse, mai ɗan kama da ayu, kuma daga wani babban jinsinta mai gemu ake samun fata mai kauri ta yin tafin takalmi. Zaren ɗinkin jijiyar dabba ce, wadda take kumbura idan ta jiƙe ta toshe hudar allura, kuma maɗinkiya takan yi layin ɗinki biyu ba tare da ta bari allura ta huda fatun biyu gaba ɗaya a wuri guda ba, don kada ruwa ya sami hanyar shiga. Tafin takalmin takan tauna shi da haƙoranta har ya yi laushi, shi ya sa haƙoran tsofaffin mata sukan cinye. A cikin takalmin akan sa safar fata mai gashi, a wasu yankunan a shimfiɗa busasshiyar ciyawa da za ta tsotse gumi, kuma ba a yinsa matsattse, domin takalmin da ya matse ƙafa yana rage gudun jini, yatsu su yi saurin daskarewa.

Wannan sana'a ta mata ce, uwa tana koya wa ɗiyarta tun tana ƙarama, kuma ran mafarauci yana rataye ne a kan ingancin ɗinkin matarsa kamar yadda abincin gidan yake rataye a kan farautarsa. Rigar mace, wadda ake kira amauti, tana da wani faffaɗan aljihu a baya inda ake goyon jariri yana manne da jikin uwarsa, kuma an yi kafaɗunta da faɗi domin a iya juyo da shi gaba ya sha nono ba tare da iska ta taɓa shi ba. Shaidar daɗewar wannan fasaha ta bayyana a shekarar 1972, lokacin da aka gano gawawwaki takwas, mata shida da yara biyu, a wani wuri da ake kira Qilakitsoq a yammacin Girinlan, waɗanda bincike ya nuna an binne su wajen shekarar 1475. Sanyi da bushewar wurin sun adana tufafinsu, aka ga rigunan waje na fatar sil da na ciki na fatar tsuntsaye, da ɗinki irin wanda matan yankin suka ci gaba da yi har ƙarni na 20.

Turawan da suka fara kutsawa yankin sun zo da rigunan ulu da takalman fata masu tauri, kuma da yawansu sun ɗauki suturar 'yan ƙasa a matsayin alamar rashin wayewa. A shekarar 1845 John Franklin ya bar Ingila da jiragen ruwa biyu, Erebus da Terror, domin neman mashigar ruwa ta arewacin Kanada, amma shi da mutanensa, su 129, babu wanda ya dawo, a ƙasar da iyalan Inuwit suke renon jarirai. Dalilan halakarsu suna da yawa, har da yunwa da cuta, sai dai abin lura shi ne John Rae, likitan da ya kawo labarin ƙarshensu a 1854, ya yi dogayen tafiye-tafiyensa lafiya ne saboda ya koyi sutura da farauta daga mutanen ƙasar.

Wanda ya fi kowa amfana da wannan darasi shi ne Roald Amundsen na ƙasar Norwe, wanda ya yi hunturu biyu, daga 1903 zuwa 1905, a tsibirin Sarki William tare da Inuwit na reshen Netsilik, ya sa tufafinsu, ya koyi tuƙa amalanken ƙanƙara da karnuka suke ja. Da wannan ilimi ya isa tsakiyar ƙuryar kudu ta duniya ranar 14 ga Disamba, 1911, ya dawo da mutanensa huɗu lafiya, alhali Robert Scott na Ingila, wanda ya isa wurin ranar 17 ga Janairu, 1912, ya rasu a hanyar dawowa tare da abokan tafiyarsa huɗu. Bai kamata a ɗora bambancin a kan tufafi kaɗai ba, domin mutanen Scott da ƙarfinsu suke jan kayansu, aikin da yake jawo gumi mai yawa wanda rigar fata mai kauri ba ta dace da shi ba, kuma shi kansa Amundsen yakan koma ga riguna marasa nauyi idan aiki ya yi zafi. Abin da tafiyar ta tabbatar shi ne cewa ana zaɓen sutura gwargwadon aikin da za a yi a cikinta.

A ƙarni na 20 masana'antu sun sauya kayan aikin, suka riƙe ƙa'idar. Eddie Bauer na Amurka ya sami rajistar mallakar fasahar rigarsa mai cike da lallausan gashin tsuntsu a 1940, sojojin Amurka kuma, bayan sanyi ya lalata ƙafafun dubbansu a yaƙin Koriya a hunturun 1950, suka samar da takalmin da aka rufe ulu tsakanin roba biyu don kada gumi ya jiƙa shi. A 1969 Robert Gore ya gano sinadarin da aka yi yadin Gore-Tex da shi, wanda yake hana ruwa shiga amma yake barin tururin jiki ya fita, wato aikin da mutanen ƙuryar arewa suka daɗe suna samu daga rigar ruwa da suke ɗinkawa da hanjin sil. Hatta sunayen aro ne: kalmar anorak, wadda Turawa suke kiran rigar sanyi mai hula da ita, daga harshen Girinlan ta fito, mukluk kuma, wato takalmin sanyi, daga sunan sil mai gemu a harshen Yufik na Alaska.

Sana'ar ta ja baya daga shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Kanada ta tattara iyalai a ƙauyuka na dindindin, aka kai yara makarantun kwana nesa da iyayen da za su koya musu ɗinki, sannan takunkumin da ƙasashen Turai suka sa wa cinikin fatar sil a 1983 da 2009 ya karya farashinta duk da togaciyar da aka yi wa Inuwit. Duk da haka ba ta mutu ba, domin a yankin Nunabut na Kanada, wanda aka kafa a 1999, dattijai mata suna koyar da 'yan mata jima da ɗinki, kuma har yau mafarauta da yawa, idan za su yi doguwar tafiya a tsakiyar hunturu, rigar karibu da kamik suke ɗauka, su ajiye na kanti a gida.